Yadda ake fita ɗaukar hoton namun daji daga Jos ba tare da an takura wa dabba ba, kuma kuɗinka ya amfani dajin

Da zarar sanyi ya fara shigowa Jos za ka ga an fara haɗa gurup a WhatsApp, wai a tafi Yankari hutun ƙarshen shekara, wannan ya aro kyamara wancan ya sayi sabuwar waya, a je a dawo a cika mana Facebook da hoton giwa da na wanka a ruwan ɗumin Wikki da ke cikin dajin. Babu laifi a ciki ko kaɗan, ai gara a kashe kuɗin a gida. Matsalar ita ce yawancinmu ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake yi, shi ya sa sai ka ga mutum mai hankalinsa yana buga jikin mota wai giwa ta juyo, ko yana miƙa wa biri biskit don a ɗauke shi hoto, kuma a ransa gani yake son dabbobi yake nunawa.

Toh abu biyu ne zan yi ta nanatawa har ƙarshe. Na ɗaya, dabba kada ta bar abin da take yi saboda kai, in tana kiwo ta ci gaba da kiwonta, in tana shayar da ɗa ta ci gaba. Na biyu, kuɗin da ka fitar ya shiga hannun da ke tsare dajin da mutanen da ke zaune a bakinsa. Sauran duk dabaru ne na yadda za a cimma waɗannan biyun.

Mataki na farko: fara da na kusa kafin ka hango na nesa

Mutanen Jos mun yi sa'a amma ba mu sani ba. Kusan kilomita 15 daga gari, a Laminga cikin ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, akwai dajin Amurum, ɗan ƙarami ne bai wuce hekta 300 ba, a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, kuma masu nazarin tsuntsu daga ƙasashen Afirka daban-daban suna zuwa karatu a wurin. Akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu ja da ke zama cikin duwatsun wajen, sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban da ba a rubuta shi ba a baya, kuma yadda aka gano shi ma abin mamaki ne, wani tsuntsun ne da ke zuba ƙwansa a sheƙar wannan yake kwaikwayon kukansa, masana suka ji kukan da ba su san mai shi ba suka bi sawu. Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo ganinsa, mu kuma muna wucewa ta kusa da wurin ba mu ko waiga ba. Wurin bincike ne dai ba wurin fikinik ba, saboda haka ka tuntuɓe su tukuna ka nemi izini, kada kawai ka kwaso mutum goma sha da lasifika ku faɗa musu.

Dalilin da ya sa na ce a fara da tsuntsu shi ne, wanda ya iya zama shiru minti talatin yana jiran ɗan tsuntsu ya sauko kan dutse, giwa ba za ta ba shi wahala ba. Haƙurin a nan ake koyon shi, kuma in ka yi kuskuren matsawa kusa tsuntsu tashi kawai zai yi, ɓauna kuwa ba tashi take yi ba.

Akwai kuma gidan namun daji na hanyar Miyango da aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, yana da kyau wajen gwada saitin kyamara da kai yara, sai dai yawancin manyan dabbobin a killace suke. Pandam na can ƙaramar hukumar Qua'an Pan da tafkinsa da aka sani da dorina. Sumu a jihar Bauchi nan ne aka kai raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya. Babban wuri kuma shi ne Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa shi ne mafi girma a ƙasar nan, amma tafiya ce ta kwanaki da hawan dutse da tsallake rafi, wannan sai ka goge tukuna. Wasu dazukan irin su Kamuku da Kainji sun sha fama da matsalar tsaro, don haka kowane wuri ka zaɓa ka tambayi halin da ake ciki a satin da za ka tafi, ba labarin bara ba.

Mataki na biyu: lokaci

Rani. Da damina ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun watsu, hanyoyin cikin daji sun lalace. Daga Disamba abu ya fara kyau, amma in dabba kake nema da gaske to wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne, lokacin da ƙananan tafkuna suka ƙafe kowa ya dawo bakin kogin Gaji shan ruwa. Zafi ne fa na fitar hankali musamman ga ɗan Jos da ya saba da rigar sanyi, amma nan ne ganin yake. Disamba da Janairu kuma hazo na sa hoto ya fito fari-fari kamar an shafa masa toka, in abin yana nesa. Sannan in da hali ka guji ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun sallah, mutane sun yi yawa, hayaniya ta yi yawa, motoci na bin juna. Tsakiyar sati ya fi, kuma wurin ma ya fi buƙatar kuɗinka a lokacin da ba kowa.

Mataki na uku: wa zai kai ka, kuma ina kuɗin ke zuwa

Nan ne yawancin mutane ba sa tsayawa, alhali nan ne taimakon dajin yake ko rashinsa. Yanzu masu shirya tafiye-tafiye sun yi yawa, kowa da fosta mai kyau. In za ka bi ɗayansu ka yi masa tambayoyi kafin ka tura ko sisi: kuɗin shiga get yana ciki, kuma za a ba mu rasit? Wa zai raka mu cikin daji, ma'aikacin wurin ne ko wani abokinka ne da ya taɓa zuwa? Mutum nawa a mota? A ina za mu kwana, a ina za mu ci abinci? Duk wanda ya ce maka "kar ka damu ina da mutum a get, ba sai mun biya duka ba", wallahi ka riƙe kuɗinka. Wannan ragin da kake murna da shi daga man motar sintiri aka cire shi. Haka wanda ya yi maka alkawarin lallai sai ka ga zaki, ko dai bai san dajin ba ko yana shirin yin abin da bai dace ba. Zakin Afirka ta Yamma yana cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, a Najeriya Yankari da Kainji kaɗai aka san ya rage, kuma 'yan kaɗan ne, akwai ma'aikatan da ke daɗewa ba su sa shi a ido ba sai sawu da gurnani da dare.

In da kanka za ka je, kira ofishin wurin ka ji farashin yanzu na shiga, na mota, na ɗaki, na zagayen daji, ka kuma tambaya ko kyamara na da nata kuɗin daban, don wasu wuraren suna raba mai ɗauka don nishaɗi da mai ɗauka don sana'a. In sana'a za ka yi da hoton ka faɗa, ka biya na sana'a. Ka karɓi rasit a kan komai ko da mai karɓar ya nuna bai da muhimmanci, ka ce "ranka ya daɗe a taimaka min da shi, lissafi zan kai". Takardar nan ita ce shaidar cewa wurin yana kawo kuɗi, kuma gwamnati ba ta kula da abin da ba ta ga yana kawo komai a rubuce ba.

Kada ka ce wai ɗan kuɗin nawa me zai yi. Duba maƙwabtanmu Nijar, raƙuman dawan yankin Kure kusa da Yamai sun ragu har saura 49 a 1996, aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan da 'yan rakiyar baƙi da ƙungiyoyi, daga baya suka haura 600, kuma dabbobin nan cikin gonakin mutane suke yawo ba cikin waya ba. Ruwanda kuwa har dala 1,500 take karɓa kan mutum ɗaya don ya ga gwaggon birin dutse, wato gorila, na awa guda, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen dajinta ana mayar wa ƙauyukan da ke kewaye. Mu ba mu kai can ba, amma dabarar ɗaya ce. Manomin da giwa ta shiga gonarsa cikin dare ta cinye masa dawar shekara, ba zai so giwa don kai ka zo daga Jos ka ce tana da kyau ba, sai in ya ga ɗansa ya samu aiki, ko matarsa ta sayar da abinci, ko an sayi zumarsa. Saboda haka kada ka loda komai daga kasuwar Taminus har ruwan leda, bar wani abu da za ka saya a Dindima da Mainamaji, garuruwan da ke kan hanyar shiga Yankari.

Mataki na huɗu: kaya

Ba sai ka sayar da fili ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gilashin zuƙowa mai nisa, don shi ne zai hana ka matsa wa dabba. Mai 300mm shi ne mafi ƙaranci, tsuntsu kuma yana son 400mm zuwa sama. Kyamarar hannu ta biyu mai dogon zum ta wadatar, ko ka yi haya wurin masu ɗaukar biki. In waya ce kawai gare ka to ka sa a ranka hoton fili za ka yi, garken dabbobi da bishiyoyi da kogi a bayansu, kuma irin wannan sau da yawa ya fi na fuska kyau. Wata dabarar kuma, ka samu madubin hangen nesa mai 8x42 ka ɗora idon kyamarar wayar a bakin nasa, da ɗan gwaji za ka samu abin nunawa.

Maimakon ƙafar kyamara da ba ta da wurin tsayawa a cikin mota, ɗinka 'yar jaka. Samu ƙafar tsohon wandon jins, tela ya ɗinke gefe ɗaya ya sa zif a ɗayan, ka zuba wake ko shinkafa kamar rabin mudu zuwa mudu, kada ka cika ta tam, ka bar ta ta riƙa lotsawa. In ka ɗora ta a kan tagar mota ko ƙarfen gefe ka kwantar da gilashin a kai, sai ya nutse ya zauna daram, girgiza ta ragu sosai. In an gama tafiya ka juye waken ka ba mai dafa abinci.

Sai batir biyu ko uku, fawa bank, memori fiye da ɗaya, ƙyalle mai laushi da 'yar famfon hura ƙura, da tsohuwar rigar filo da za ka riƙa rufe kyamara in mota na tafiya. Kada ka canja gilashi a buɗaɗɗiyar mota, ƙura za ta shige ciki ka dawo kowane hoto da ɗigo-ɗigo a sama. Tufafi kuma kaki ko ruwan ƙasa ko kore mai duhu-duhu, dogon hannu da dogon wando, ka guji baƙi da shuɗi don su ne ke jawo ƙudan tsando, kuma na Yankari cizonsu har ta cikin riga mai shara-shara yake wucewa. Farin yadi mai sheƙi da turare mai ƙarfi a bar su sai ranar Juma'a. Ruwan sha da yawa, hula, maganin sauro, da tsabar kuɗi don sabis ba shi da tabbas.

Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa ka bar shi a gida. A Najeriya sai da izinin hukuma ake tashinsa, wurin ma sai ya yarda, sannan ƙararsa tana firgita giwaye don ta yi kama da ta ƙudan zuma da suke gudu.

Mataki na biyar: hanya

Ka bar Jos da sassafe, ta Tilden Fulani da Nabordo zuwa Bauchi kusan kilomita 130 ne, daga nan ka hau hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama zuwa get ɗin Mainamaji. Ka sha mai a Bauchi. Daga get zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita arba'in da wani abu a cikin daji, kuma a nan ne direbobinmu ke ganin titi ba kowa su taka wuta, alhali birai da mugun dawa da zabin daji na tsallakawa. Ka ce wa direba ya sassauta tun daga get. Ba a tafiyar dare, zuwa ko dawowa.

Mataki na shida: gaban dabba

Zagayen daji da safe ake fita da kuma bayan la'asar, lokacin dabbobi ke motsi kuma hasken ke da taushi. Tun kafin mota ta tashi ka gaisa da renja, wato ma'aikacin tsaron dajin da zai raka ku, da kyau, ka tambayi sunansa, ka ce "Ofisa, ni ba na gaggawa, in mun ga abu a tsaya nesa a kashe inji, ba sai an matsa ba." Wannan maganar tana da amfani fiye da yadda kake zato. Yawancin matsawar da direbobi ke yi don su faranta wa baƙo ne su samu na goro, in suka ji tun farko kai ba haka kake so ba sun huta kai ma ka huta. Kuma tukwicin da za ka bayar a ƙarshe kada ka ɗaura shi a kan an ga giwa ko ba a gani ba, ka bayar don aikin da mutum ya yi. Mutanen nan su ke kwana a daji suna artabu da mafarauta masu bindiga, wasunsu sun rasa rayukansu a kan haka.

Saita kyamara tun kafin a ga komai. Kashe filasha, kashe ƙarar maɓalli, waya a sa ta shiru. Saurin shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, 1/500 in dabba na tsaye, 1/1000 in tana tafiya, tsuntsu a sama 1/2000, ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske, ka bar shi ya zaɓi kansa, ka sa fokas a kan ido. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara.

In an hango dabba, mota ta tsaya a kan hanya, ba a sauka daga hanya a bi ta cikin ciyawa, akwai masu ƙwai a ƙasa kuma sawun taya ɗaya gobe ya zama hanya. Kowa ya zauna, ba miƙewa farat ɗaya, ba fito, ba tafi, ba kiran "ke! ke!", ba jifa. Dabba ta saba da siffar mota, abin da ke tsorata ta shi ne siffar mutum ta ɓullo daga ciki. Sai ka duba ta kafin ka duba kyamara. Gwanki ko kanki ko gwambaza in ya ɗaga kai ya kafe ku da ido ya daina tauna, kun kai iyaka, ku tsaya cak. In ya mai da kai ƙasa ya ci gaba da kiwo to ya yarda da ku, yanzu ne lokacin ɗauka. In ya juya ya fara tafiya yana waige, kun riga kun wuce gona da iri, kada a bi shi. A watan Maris dabbar da ka kora daga bakin ruwa wataƙila tafiyar awanni ta yi kafin ta iso, kuma ba lallai ta dawo ranar ba.

Giwa tana da nata yaren. In tana kaɗa kunne a hankali gaba da baya, fifita take yi, zafi ne. In ta baza kunnuwan ta tsayar da su, ta ɗaga kai sama, ta girgiza shi har ka ji kunnen ya yi fat, ko ta shuri ƙasa, gargaɗi ne, direba ya tada mota ya ja baya a hankali ba tare da hon ba. Uwa mai ɗa ba a wasa da ita sam, haka toron da ka ga ruwa na tsiyaya a gefen fuskarsa tsakanin ido da kunne yana ɗigar fitsari a ƙafafun baya, wannan yana cikin lokacin da kansa ke hayaƙi. Ni dai shawarata tazararku kada ta gaza rabin filin ƙwallo, kuma kada mota ta tsaya tsakanin garke da ruwa ko ta raba garke biyu. In su suka taho wajenku da kansu cikin natsuwa, renja ne zai ce a tsaya ko a matsa, ba mai kyamara ba. Giwayen Yankari na cikin 'yan garken da suka rage a ƙasar nan, kuma sun sha wuta a hannun masu neman haure, don haka in ka ga ba su yarda da mutum ba suna da dalili. In ka ga wata da abu kamar ɗamara a wuya, na'urar bin sawu ce da masu kula da dajin suka sa tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, ba wani abu ba ne.

Dorina in ta wage baki ba hamma take ba, haƙora take nuna maka. Kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da ruwa, kuma bakin kogi ba wurin sauka a yi salfi ba ne, akwai kada. Ɓauna kuwa kallo kawai take yi ba ta ba da sanarwa mai yawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, in kun tarar da wata mota a kan dabba ku jira daga baya, kada ku zagaye ta ta ko'ina ta rasa mafita. In kun samu naku ku ba wasu wuri. In kuma ranar ba ku ga komai ba sai kashin giwa da sawu, to ka ɗauki sawun, ka ɗauki burtu yana takunsa na ƙasaita, ka ɗauki tsofaffin rijiyoyin Dukkey da kogunan Marshall, daji ba gidan zu ba ne.

Tsuntsaye suna da ƙarin doka biyu. Kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi, shi a zatonsa kishiya ce ta shigo masa gida, sai ya bar ciyar da 'ya'ya ya zo faɗa da lasifika. Sannan sheƙa, kada ka taɓa, kada ka karya reshen da ya tare maka ita, wannan reshen ne ke ɓoye ta daga shaho da rana. In uwa na shawagi tana kuka da abinci a baki ta ƙi sauka, kai ne matsalar, bar wurin. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, akwai hadisin da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa ta zo tana shawagi, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata da su.

Mataki na bakwai: cikin sansani

Birai na Wikki, wato bika, ɓarayi ne ƙwararru, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna fizge leda daga hannu, kuma sun fi raina mata da yara. Mu muka koya musu, da biskit da ayaba da burodin da ake jefa musu don hoto. Birin da ya saba karɓa gobe zai ƙwata, jibi ya ciji yaro, daga nan kuma shi za a hukunta. Don haka ko ɓawon ayaba kada ka ba su, rufe taga, kulle ƙofa, abinci a cikin jaka mai zif ba a baƙar leda ba don sun gane ta. Mugun dawan da ke yawo tsakanin ɗakuna ma a bar shi ya yi harkarsa, ka durƙusa daga nesa ka ɗauke shi yana kiwo a kan gwiwoyinsa, hoto ne mai ban dariya da kyau. Ruwan Wikki ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa, a yi wanka a more amma ban da sabulu da omo, kuma robar da ka shigo da ita ka fita da ita. Mutanen da ke wanka ma ba a ɗaukarsu sai da izini, musamman mata.

Mataki na takwas: abin da ba a saya, da wanda ba a biya a ɗauka

A hanya za a iya tare ka da naman daji, ko ɗan biri a ɗaure, ko aku a keji, ko fata. Kada ka saya ko don tausayi, wai ka cece shi, in ka biya yau gobe an kamo wani, kuma kafin a samu ɗan biri galibi sai an kashe uwar. Najeriya na da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aku mai toka-toka kuma an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe tun matakin da aka ɗauka a 2016. Ka tuna ungulu, da can kowace mahauta cike take da su, yau yaro ɗan shekara goma a Jos zai iya cewa bai taɓa ganin ta ba, cinikin kai da sassan jikinta don tsibbu na cikin abin da ya cinye ta, har ta shiga jerin masu dab da ƙarewa a 2015.

Na san wannan zai sosa wa wasu rai, amma har da gardawa masu wasa da kura da biri da maciji. Al'ada ce mai tarihi, ba na zagin kowa, sai dai kurar nan da ke cikin takunkumi daga rami aka ciro ta, kuma duk naira da ka biya don ka tsaya kusa da ita a ɗauka, kuɗin kamo ta gaba ce. In ka ɗauka a matsayin labarin al'ada ka faɗi abin da yake, kada ka yanke sarƙar ka ce mana a daji ka gan ta.

Mataki na tara: bayan ka dawo

Kafin ka watsa, cire bayanin wuri daga hoton. Waya na liƙa lambobin GPS a jikin kowane hoto in ba ka kashe ba, kuma in ka tura shi a WhatsApp a matsayin dokumen da bayanin yake tafiya. Giwa, zaki, ɗan kunya, sheƙar ungulu, waɗannan ka ce "Yankari" ko "Filato" kawai, ba sai ka ce ga mashaya kaza da ƙarfe kaza ba, kuma ka jinkirta sai kun bar wurin. Ba masoya kaɗai ke bin shafinka ba. Fuskar renja ma ka tambaye shi kafin ka sa, a cikin ƙauyukan nan yake zaune tare da waɗanda yake kamawa.

Gyaran haske da kala ba komai, amma kada ka ƙara dabbar da babu, kada ka haɗa da na'ura ka ce ka ɗauka, na hanyar Miyango kuma ka rubuta cewa a killace yake. Mutum ya ga hotonka na zaki kusa-kusa ya je Yankari ya matsa wa direba sai an samo masa irinsa, ka ga ƙaryarka ta koma kan dabba.

Sannan hotunanka su yi aiki. Masu bincike na gane giwa ɗaya-ɗaya ta yagewa da hujin kunnenta, zaki kuma ta ɗigon da ke gindin gashin bakinsa, don haka in ka samu hoto mai kyau na gefen fuska ka tura wa ofishin wurin da rana da lokaci da inda aka gani, su ne suka cancanci wannan bayanin. In ka ga tarko ko dabba da waya a ƙafa ko shanu a can ciki, ka gaya wa renja a take, ba sai ka dawo ka yi fostin ba. Na tsuntsaye da ƙwari da tsirrai ka ɗora a manhajojin tattara bayanan halittu irin su iNaturalist ko eBird, iNaturalist ma da kanta take ɓoye ainihin wurin jinsunan da ke cikin haɗari. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da ake gudanarwa daga APLORI, an yanka ƙasar gida-gida kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, kana sauke manhajar BirdLasser ka zaɓi gida ɗaya ka yi aƙalla awa biyu kana rubuta duk tsuntsun da ka gani ko ka ji, sai ka tura. Ba sai ka je daji ba, unguwarku ma tana cikin wani gidan, ko Rikkos ce ko Bukur ko Anguwan Rogo, kuma in ba ka san sunayen ba tukuna ka bi masu fita kallon tsuntsu a Jos, su za su nuna maka.